Igiya, Tsani da Indararo: Gwanintar Masu Gyaran Soro a Diffa

Idan bazara ta tsufa a Diffa, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, iska takan juya ta fara kaɗowa daga kudu maso yamma da ɗan ɗanshi a cikinta. A waɗannan kwanaki, wanda ya ɗaga kai da sassafe zai hango mutane jefi-jefi a kan rufin gidaje, a durƙushe, tsintsiya a hannu, igiya na biye da su ta baya. Magina ne da yaransu, sun hau duba indararo, wato bututun nan da ke ratsa katanga daga sama ya tsiyayar da ruwan rufi zuwa ƙasa. Daga nesa aikin bai kai a tsaya kallo ba, shara ce da ɗan liƙe-liƙe. Sai an matso kusa ake gane cewa gwani yana riƙe da lissafi biyu a lokaci guda. Yana so ruwa ya bar rufin da sauri, shi kuma ya bar shi a hankali, ta tsani, da ƙafafunsa.

Diffa ba ta cikin garuruwan da ruwa ya wadata. Abin da take samu a shekara yana wajen milimita 300 ne, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Sai dai ruwan ba ya zuwa da yayyafi. Hadari yakan haɗo daga gabas, guguwar ƙura a gabansa, ya juye abin da ya ɗauko cikin awa ɗaya ko biyu. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, nauyinta kilo guda. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, in aka yi ruwan milimita 50, lita 800 ce ke sauka a kansa. Duro huɗu ke nan, ƙofar fitarsu kuwa ba ta fi tafin hannu ba. Leda ɗaya ta toshe wannan ƙofa, kilo 800 sun zauna a kan laka, lakar ta jiƙe ta ƙara nauyi, azara ta fara sunkuyowa kan masu barci.

Mutanen kwarin kogin Komadugu, inda Diffa take, sun san ambaliya iri biyu. Akwai ta kogi, wadda ruwanta ke tasowa daga Haɗeja da Jama'are can cikin Najeriya, ya iso bayan damina ta ɗauke, ya cinye gonakin tattasai da gidajen bakin gaɓa, yadda ya yi a 2019 da 2022. Wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai kuma ta saman ɗaki, wadda ake tarewa da safiya ɗaya tak, in an samu wanda ya san hawa kuma ya san sauka.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Ba a taka soro sai an san yadda aka shirya shi. A can ƙasa akwai azara, tsagaggen itacen giginya mai jure wa gara, a inda giginya ta yi wuya kuma itacen goriba ko na dogon yaro. A kan azara ake jera ƙananan sanduna, a shimfiɗa zana ko tabarmar kaba don kada ƙasa ta zubo. Yanzu da yawa sukan ƙara leda mai kauri a nan. Sai a ɗora laka, a daɓe ta, a karkatar da ita kaɗan zuwa gefe ɗaya. Katanga kuma takan ɗan zarce rufin ta kewaye shi, abin da magina ke kira rawani. A gindin rawanin, daidai inda gangaren ya ƙare, nan ake huda wa indararo.

A Kano da Zariya da Damagaram, magabata sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, waɗanda ke hana ruwa ratsa yaɓe. A kwarin Komadugu abin da ya fi samuwa shi ne baƙar laka mai danƙo ta bakin kogi da rairayi mai yawa. Lakar nan takan kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe, don haka magini yake sassauta ta da yashi, ya haɗa da dakakkiyar ciyawa da kashin shanu, ya bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin ya yi aiki da ita. Shi kansa indararon, a da ana fafe itace ne ko a gina shi da yumɓu a gasa. Yau an fi ganin na lanƙwasasshen kwano ko bututun roba.

Gwani yana fara aikinsa daga cikin ɗaki. Yakan nemi izini ya shiga, ya ɗaga kai ya bi azara ɗaya bayan ɗaya da ido. Yana neman jirwayen ruwan bara, da ƴar hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin itace, da garin itace da ya zubo a tsakar ɗaki. Sai ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa. Azara mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta cinye cikinta kuwa amonta a dushe yake. Ya ƙidaya taku daga ƙofa zuwa wurin da bai yarda da shi ba, ya riƙe a ransa, domin idan ya hau babu abin da zai nuna masa wurin daga sama. Daga nan ya fito ya zagaya ɗakin ta waje, ya daɗe a bangon gabas wanda ruwa ke duka, ya duba ƙarƙashin kowane indararo. In ya ga wata siririyar kwata a jikin bango, ya san ruwa ya daina bin bututu, yana sulalowa ta gefensa. Sai ya kalli wayar lantarki ta NIGELEC da ta shigo gidan, ya auna nisanta da inda tsani zai tsaya.

Akwai wani mataki da ba ya cikin kowane littafin gini. Kafin a jingina tsani, sai a aiki yaro gidajen maƙwabta ya yi sallama ya ce, “Wai a gafarta, za a hau sama.” Mai tsayuwa a kan soro yana ganin tsakar gida uku ko huɗu, kuma gwani ba ya son iyalin kowa su gan shi kwatsam. Shi ma da kansa, in ya hau, idonsa na kan aikinsa.

Lokaci ma zaɓensa ake yi: bayan gari ya waye sosai, kafin rana ta ɗaga. Idan rufin kwano ne, sai raɓa ta bushe tukuna, amma kafin ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ranar da iska ke kaɗawa ko gabas ta yi duhu, a bar shi sai gobe.

Tsani

Kayan aikin ba su da yawa: tsani, igiya biyu, bokiti, tsintsiya, cokalin gini, madaɓi, doguwar sanda, tsohon buhu, da falanki idan kwano za a taka. Babu ko ɗaya da ake hawa da shi a hannu. Ƙananan kayan a bokiti suke jira, sai mai aiki ya kai sama sannan ya jawo su da ƙaramar igiya.

Tsani ake fara dubawa, mataki bayan mataki, ana murɗa kowanne a ji ko ƙusa ta saki. Sannan a kafa shi. Ƙa'idar da magina ke bi da ido, masana kuma suka rubuta da alƙaluma, ita ce ɗaya cikin huɗu: duk tsayin mita 4, gindin tsani ya nisanci bango da mita 1. Katanga mai mita 3 ke nan tana son santimita 75. In ya matsa kusa da bango, tsani ya tashi da mai hawa ta baya. In ya yi nisa, gindinsa ya zame. Wanda ba shi da ma'auni yana da jikinsa: ya sa yatsun ƙafa a gindin tsani, ya miƙe tsaye, ya miƙa hannuwa gaba. In tafukansa suka sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarsa, tsani ya zauna daidai.

Kan tsani kuma ya zarce bakin rufi da kimanin mita 1, domin mai hawa ya samu abin riƙo lokacin da yake ɗaga ƙafa zuwa rufin. A wannan ɗan taku ne, tsakanin tsani da soro, mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙasar Diffa tana da nata sharaɗin, domin rairayi yana nutsar da ƙafa ɗaya ya bar ɗaya. Gwani yakan share rairayin sama har ya taras da ƙasa mai tauri, ya shimfiɗa katako, ya kafa turaku biyu a bayan ƙafafun tsani. Ba a jingina tsani a jikin indararo, ba a kafa shi a bakin ƙofa, na ƙarfe kuma ba ya kusantar waya.

Sai mutum na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma a nan maganar rufi ce ta gaske. Yaron magini yana tsaye a gindi, ƙafa ɗaya a matakin farko, hannuwa biyu a gefe. “Ka kama?” “Na kama, Maigida.” Sai an ji wannan amsa ake ɗaga ƙafa. Mai hawa fuskarsa na kallon tsani, kuma a kowane lokaci gaɓoɓi uku na riƙe da shi, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Cibiyarsa ba ta fita daga tsakanin sandunan tsanin. Abin da hannu bai kai ba, a sauko a matsar da tsani.

Maɗauri

Yanzu aka zo ga zuciyar sana'ar, wato wurin da za a ɗaura igiya. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da wannan tunani. Zankwayen da ke tsaye a kusurwoyin tsofaffin gidajen Birnin Damagaram da Kano, waɗanda yau ake ɗauka ado ne kawai, masu nazarin gine-ginenmu sun bayyana cewa a jikinsu ake rataya igiya da tsanin igiya idan za a sabunta yaɓe. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844, itatuwan da suka fito daga jikinta matakan masu gyara ne da aka bari tun ranar gini. Tun ran gini ran zane: wanda ya gina ya riga ya tuna da wanda zai hau bayansa.

Yawancin gidajen Diffa na yau ba su da irin wannan tanadi, musamman a sababbin unguwannin da suka bazu tun 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya turo dubban mutane cikin gari aka yi ta gini cikin gaggawa. Dole mai gyara ya nemo maɗaurinsa. Yana farawa da sanin abin da zai ƙi. Indararo ba maɗauri ba ne, laka ce kawai ke riƙe da shi. Sandar eriya, ƙarfen faifan sola, bututun tankin ruwa, zankon ado da aka ɗora da bulo ɗaya, duk suna iya ɗaukar hannun da ya dafa su, ba sa ɗaukar mutumin da ya faɗo. Bambancin yana da girma. Mai kilo 70 da ya faɗo ko da mita ɗaya ne, fizgar da zai yi wa igiya marar sassauci ta ninka nauyinsa sau da yawa. Shi ya sa hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ce maɗaurin da zai tare faɗuwar mutum ɗaya ya iya ɗaukar fam 5,000, fiye da kilo 2,200.

A gidan ƙasa mai hawa ɗaya, dabarar da ta fi inganci ita ce a nemi maɗaurin a ƙasa. Gwani yakan zaɓi kututturen babban dogon yaro mai rai, ko ginshiƙin kankare mai ƙarfe a ciki, a ɓangaren da ke bayan inda zai yi aiki. Ya naɗe igiya a gindin kututturen, can ƙasa, ya ɗaure. Sai ya ɗaura ɗan dutse a siririn zare ya jefa ta kan ɗaki, ya jawo babbar igiya da shi, har ta haye rufin ta sauko ɗaya ɓangaren. Ta haka igiya tana jiran sa tun kafin ya taka matakin farko. Inda ta gogi bakin rawani ko kaifin kwano, a sa ninkakken buhu, don kada kaifi ya ci igiya, igiya kuma ta ci laka. Sharaɗin wannan ɗauri ɗaya ne, kuma ba a sassauta shi: igiyar tana kare ɓangaren da ke nesa da itacen ne kaɗai. In za a koma gyaran ɗaya gefen, sai a sauko a sauya maɗauri.

Igiyar ma ana karanta ta. Gwani yana bin ta da yatsu daga kai har ƙarshe, yana buɗe murɗinta ya leƙa ciki. Ta nailan da ta sha ranar Diffa takan koɗe, ta yi kaushi, ta riƙa zubar da gari. Irin wannan ta gama yayinta ko da ba ta tsinke ko'ina ba. Igiyar kaba da ta rama suna da amfaninsu wajen jawo bokiti, amma ba a ba su amanar rai.

Ɗaurin jiki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zarga igiya a ƙugu. Zarge yana matsewa ne gwargwadon jan da aka yi masa, mutumin da ya rataya da shi kuwa cikinsa da haƙarƙarinsa ne ke ɗaukar dukan nauyin. Ko ɗamarar ƙugu mai faɗi ma, Amurka ta hana amfani da ita wajen tare faɗuwa a aikin gini tun farkon 1998. Abin da ya maye gurbinta shi ne ɗamarar tsaro ta jiki duka, irin wadda ake gani a jikin masu hawa dogayen ƙarafunan kamfanonin waya. Tana da maɗaurai a cinyoyi da kafaɗu da ƙirji, da zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu biyu, inda ake maƙala ƙugiya mai kulle. In mutum ya faɗo, cinyoyi da kwankwaso ne ke ɗauka, kansa kuma yana sama. Ana ɗaure ta daidai yadda tafin hannu zai shiga tsakaninta da cinya, dunƙulallen hannu kuwa ba zai shiga ba. Wasu igiyoyin suna zuwa da wani ƙunshi da aka ɗinke, wanda ke warwarewa da kansa yayin fizga ya rage ƙarfinta. Ƙa'idar Turai ta ce ƙarfin da zai isa jikin mutum kada ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 600.

A nan ne gwanin gaske ke bambanta da wanda ya sayi kaya kawai. Igiyar tare faɗuwa mai mita 1.8, in aka haɗa tsawonta da warwarewar ƙunshin, da tsayin mutum, da ɗan sarari na kariya, tana bukatar fiye da mita 5 da rabi a ƙarƙashin maɗauri. Ɗakin Diffa mita 3 ne ko da ɗan ɗoriya. Ke nan mutum zai riga igiyarsa isa ƙasa. Mita 3 kuwa ba abin rainawa ba ce: cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya mutum ya iso, da gudun da ya haura kilomita 27 a awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri na kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma bayan haɗarin hanya babu rauni na tsautsayi da ya kai ta kisa.

Saboda haka a kan gajeren gida ana auna igiya ne yadda mutum ba zai ma iya kaiwa ga faɗuwa ba. Duk mai kiwo ya san wannan: akuyar da ke turke, tsawon igiyarta ne ke yanke mata inda bakinta zai kai. Magini yana rarrafawa zuwa bakin rufi har hannunsa ya isa indararo, gwiwoyinsa na nan ciki, sai ya ƙulle igiyar daidai nan, a miƙe, babu sako-sako. Ƙullin da ake so shi ne wanda ba ya zamewa kuma ba ya matsewa, irin mai siffar lamba 8, wanda kallo ɗaya ke nuna ko an yi shi daidai. Akwai kuma sirrin kusurwa. Igiyar da ta isa kusurwar rufi ta yi tsawo ga tsakiyar gefe, domin kusurwa ta fi nisa. Wanda ya gama da kusurwa ya dawo tsakiya bai rage igiya ba, yana ɗaure ne a ido kawai. Gwani yana sake awo a kowane indararo.

Wannan hankali ba baƙo ba ne a addini. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga kwana a kan rufin da ba shi da abin kariya a gefensa. Dogara ga Allah tana tafiya ne tare da tanadi.

Taku da shara

A kan soro, magina da yawa sun fi son tafiya ba takalmi, domin tafin ƙafa yana jin laushin da ido bai gani ba. Suna bin saman katanga da gefen rawani ta ciki, inda bango ke ɗauke da nauyi, suna kauce wa tsakiyar ɗaki da wurin da sanda ta yi gargaɗi a kansa ɗazu. A kan kwano kuwa takalmin roba mai kama ƙasa ake sawa, a bi layin ƙusoshi, tun da ƙarƙashin kowane layi akwai katako. Inda tsatsa ta ci, a shimfiɗa falanki ya haye katako biyu. Ba a ja da baya a kan rufi, ko taku ɗaya.

Rani yakan tara kaya a sama: rairayin hunturu, ganyen dogon yaro, leda, guntun harawa da karan da aka ajiye wa dabbobi, sheƙar tsuntsu a bakin bututu. Kafin hannu ya taɓa tarin, sanda ce ke fara motsa shi. Kunama tana son irin wannan wuri, harbinta a bakin rufi kuwa zabura yake sawa, zabura ce ke jefo mutum. Ana shara daga bakin indararo zuwa ciki, a tara a zuba a bokiti, a zura shi ƙasa. Mai gaggawa yakan tura sharar ta cikin bututu, ya cusa da hannunsa abin da ya hau cirewa. Tsintsiya kuma a kwance ake jan ta, don kada ta kankare fatar yaɓen.

Bayan shara sai a zura sanda cikin indararo daga sama har ta leƙo waje. Sannan a duba mahaɗa, inda bututu ya shiga laka, wadda ita ce raunin kowane soro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa tsagar da ba ta kai kaurin zare ba ta ishe shi. Gwani ba ya shafe tsaga ta sama. Yana ƙara buɗe ta da bakin cokali, ya fitar da ɓurɓushi, ya yayyafa ruwa ya jira ta tsotse, domin busasshiyar laka ba ta karɓar ɗanya. Sai ya cusa sabon kwaɓi kaɗan-kaɗan, yana dannawa da babban yatsa, ya bi da madaɓi. A bakin indararo yakan fafe ɗan kwari mai santsi, ya tabbatar leɓen bututun yana ƙasa da fuskar rufi. In ya ɗara ta ko da kaurin yatsa ne, ruwa zai kwanta a gabansa.

Ta waje, bututun ya fito da tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, bakinsa a sunkuye. A inda ruwan ke faɗuwa a jera duwatsu ko fasassun bulo, don kada ya haƙe gindin gini. Ana kuma duba inda ya dosa: ba cikin gidan maƙwabci ba, ba kan masu wucewa a lungu ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna haƙƙin maƙwabci a kan indararo, kuma duk alhajin da ya tsaya a Hijir Isma'il ya ga cewa Ɗakin Ka'aba ma yana da nasa, Indararon Rahama. Gidajen kwano masu magudanar da ke tara ruwa a duro, su ma ana kwashe lakar cikinsu da hannu, a gyara karkatarsu, domin ruwan da ya kwanta a ciki gidan sauro ne.

Gwajin ƙarshe na bokiti ne. Idan gyaran ya sha iska, magini ya tafi can ƙarshen rufi mafi tudu ya zuba ruwa a hankali, ya tsaya yana kallon inda zai bi. Yaro daga ƙasa ya ɗaga murya, “Ya fito, Maigida!” Duk inda ruwa ya tsaya ya yi ɗan tafki, a zagaye shi da yatsa, a cike.

Sauka tana da nata tsari, kuma a nan gajiya da murnar gamawa ke ruɗin mutane. Kaya su fara sauka a bokiti. Yaro ya koma gindin tsani, a sake tambaya, a sake amsawa. Igiyar da ke jikin itace ita ce ƙarshen abin da ake kwancewa, bayan ƙafa biyu sun taka ƙasa. A kaɗe ta, a naɗe, a rataye a inuwa, nesa da man inji da ruwan batir. Ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya kuma ta yi ritaya, komai kyanta a ido.

A kowace unguwa akwai maigidan da ke wucewa ta ƙarƙashin indararonsa safe da yamma, ya je majalisa ya zauna a inuwa yana cewa ai damina da saura. Shi ma zai hau rufin nan, ba makawa. Zai hau ne da tsakar dare, ruwa na zuba a kan shimfiɗar ƴaƴansa, tocila a baki, tsanin aro a kan jiƙaƙƙen rairayi, laka na santsi, ba igiya, ba mai riƙe masa. Duk sharuɗɗan da gwani ya bi ɗaya bayan ɗaya, shi zai karya su gaba ɗaya cikin minti biyar. Ladan magini na safiya guda bai kai kuɗin azara ɗaya ba, balle jinyar karaya. Wanda yake da soro a Diffa, ko Bosso, ko Maine Sorowa, ya nemi magini tun sama na fari. In ya zo kuma, a tura yaran gida su riƙe masa tsani su ga yadda ake ƙulli, domin a gindin tsani ake koyon wannan sana'a.